Wai A Tuɓe Agogo Kafin A Shiga Dina: Dokar Wa Ce?

Yau maganar agogo ce ta kawo ni, kuma kafin wani ya ce na rasa abin yi ne, don Allah ya dakata ya ji tukuna.

Akwai wata magana da ke yawo a wayoyin 'ya'yanmu, daga bakin waɗansu da suka naɗa wa kansu rawanin malantar wayewa a Facebook da TikTok. Wai duk wanda aka gayyata liyafar dare irin ta Turawa, wadda ake rubutawa a kati cewa a zo da baƙar kwat da ɗan naktayen nan mai siffar malam-buɗe-littafi, to kada ya kuskura ya ɗaura agogon hannu. In ya ɗaura, wai ya tona wa kansa asiri, an gane baƙauye ne. Da a ce maganar ta tsaya a waya da ban tanka ba. To amma 'ya'yanmu yanzu suna aiki a bankuna da kamfanonin mai, akwai lauyoyi akwai likitoci, kuma duk ƙarshen shekara sai an kira su irin wannan dina a manyan otal-otal na Victoria Island ko Ikeja. Yaron da ubansa ke sayar da goro a Agege ko yake canji a bakin titi, da ma da ɗar-ɗar yake shiga irin wannan wuri, yana tsoron kada wani ya dube shi ya ce ga "aboki" nan ya zo. Shi ne kuma za a ƙara masa wani tsoron a tsintsiyar hannu. Wannan ne ya sa na ce sai na yi magana.

Dokar dai akwai ta, ba ƙirƙirarta suka yi ba. Abin da ba sa gaya wa yaran shi ne inda ta fito da kuma mutanen da aka yi ta dominsu. Kayan dare na manyan Ingila a ƙarni na 19 kwat ce mai jela, da farin naktaye da farin falmaran. A 1865 Yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, ya sa telolin Henry Poole na Landan suka ɗinka masa gajerar kwat marar jela don cin abinci a gida cikin sakewa. Zuwa 1886 wannan ɗinki ya isa wata unguwar attajirai da ake kira Tuxedo Park kusa da New York, daga nan ne ma Amurkawa suka samo sunan da suke kiranta da shi. A duk wannan zamani namiji ba ya ɗaura agogo a hannu, ko da rana ko da dare. Agogon hannu kayan adon mata ne, kamar awarwaro. Na namiji yana cikin aljihun falmaran, da 'yar sarƙarsa. Sai a 1904 Louis Cartier ya ƙera wa abokinsa Santos-Dumont, matuƙin jirgin sama ɗan Brazil, agogon da zai iya dubawa ba tare da ya saki abin tuƙi ba. Sannan Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, ya tilasta wa hafsoshi ɗaura shi, domin wanda ke cikin rami yana jiran mintin da za a ce a afka ba shi da hannun laluben aljihu. Ka ga ke nan a idon dattawan wancan lokaci agogon hannu kayan aiki ne, na soja da direba da ma'aikaci, kuma ba a shiga wurin cin abincin manya da kayan aiki.

Dalili na biyu ya fi wannan kyau, kuma ina girmama shi. Suka ce baƙon da ke duba lokaci yana gaya wa mai gida ne cewa ya gaji da shi, yana da wurin da ya fi nan. Barin agogo a gida kamar ka ce ne, mai gida, daren nan naka ne, ba na ƙirga maka shi.

To madalla. Amma jama'a, wannan ai alkawari ne mai ɓangare biyu. Baturen da ya bar agogonsa a gida ya san in an ce ƙarfe takwas za a zauna, ƙarfe takwas ɗin za a buga ƙararrawa a zauna. Ya san akwai agogon bango a zaure, akwai bara da zai riƙe masa lokaci, akwai keken doki da ke jiransa a ƙofa, gidansa kuma ba shi da nisa. Mai gida ya ɗauke masa nauyin lokaci baki ɗaya, shi ya sa ya iya ajiye shi. Yanzu ku gaya mini tsakaninku da Allah, wace dina ce a Ikko mai gida ke ɗauke wa baƙo wannan nauyi? A rubuta ƙarfe shida a kati, ka iso shida ka tarar ana jera kujeru. Takwas ana gwada lasifika. Tara da rabi babban baƙo bai iso ba, wai yana cikin goslo. Goma ta wuce sannan a fara jawabi, kowane mai jawabi kuma sai ya gaida duk wanda ke kan babban tebur da sarautarsa da digirinsa. Wanda bai cika nasa ɓangaren alkawarin ba, da wane baki zai ce in cika nawa?

Ga kuma abin da masu koyar da wayewar ba su taɓa sa shi a lissafi ba. A Ikko rana tana faɗuwa ne daga wajen shida da rabi zuwa wajen bakwai, gwargwadon watan da ake ciki. Wato magariba tana faɗowa ne daidai tsakiyar zaman jiran nan, kuma kowa ya san lokacinta ƙanƙane ne, sa'a ɗaya da 'yan mintuna lisha ta shiga. A Kano ko Sakkwato ba ka buƙatar kowa ya tuna maka, ladanai goma za su tashe ka. A cikin zauren otal mai sanyi, tagogi a rufe, labule a sake, makaɗa suna ta yi, babu ladan babu inuwa babu hasken rana. Ɗan abin nan da ke hannunka shi kaɗai zai ce maka tashi ka nemi lungu. Sannan in an tashi, Bature gida yake komawa a bayan layi, kai kuwa Agege za ka, sai ka haye doguwar gadar nan ta uku mai kusan kilomita 12, ka kuma isa kafin a kulle get ɗin unguwa da tsakar dare. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ba tasa ba ya san bambancin isa gida sha ɗaya da isa ƙarfe biyu, ya san irin tambayoyin da ake yi wa mai kama da mu a shingen hanya in dare ya raba. Mutumin da ke da waɗannan a gabansa, ka ce ya bar agogo a gida don kada ran mai gida ya ɓaci?

Abin dariyar ma shi ne su masu dokar sun daɗe da sassauta ta. Kafin shekarun 1930 su ƙare agogon hannu ya riga ya kori na aljihu a kasuwa. A fim ɗin Goldfinger na 1964, Sean Connery ya fito a James Bond da farar kwat ta dina, ya kunna laita ya duba Rolex ɗinsa, kuma agogon masu nutso a ruwa ne ma, ba na ado ba. Yau abin da masu tsantseni a cikinsu ke cewa bai wuce wannan ba: in kwat mai jela ce da farin naktaye, a bar na hannu, a sa na aljihu ko a haƙura, in kuwa baƙin naktaye ne, babu laifi a ɗaura siririn agogo mai sauƙin fuska da baƙin maɗaurin fata, wanda zai shige ƙarƙashin hannun riga ya ɓuya. Shi ke nan fa. Kwat mai jela kuwa sau nawa ka taɓa ganin an nemi a sa ta a ƙasar nan? Su masu abin sun sauke kaya, mu 'yan rakiya mun ɗauka muna nishi.

Na san wani zai ce, ai in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Gaskiya ne, kuma mu mazauna Kurmi mun fi kowa sanin wannan karin magana, da ita muka zauna lafiya da masu gari tun zamanin kakanni. To amma a duba katin da kyau. Mafi yawansu a ƙasar nan suna ba ka zaɓi, ko kwat ko kayan gida. Ba a nan kaɗai ba. Liyafar Nobel da ake yi a Stockholm duk ranar 10 ga Disamba, wadda da wuya a sami mai tsaurin ka'idar sutura kamarta, ta yarda mutum ya zo da kayan ƙasarsa a madadin kwat mai jela, kuma Wole Soyinka da kayan gida ya karɓi kyautarsa a 1986. Abubakar Tafawa Ɓalewa da babbar riga ya je wurin Shugaba Kennedy a 1961, babu wanda ya ce ya yi ƙauyanci. In ka sa shaddarka da hularka ka fita daga hurumin dokar gaba ɗaya, domin ba a yi ta don babbar riga ba. In kuma wurin aikinka ya wajabta kwat, to sa kwat, ka ɗaura siririn agogonka, ka shiga da ƙafar dama.

Wani abin da ke ba ni mamaki, kalmar ma a nan Kurmin muka samo ta. Agogo a bakin Yarbawa ƙararrawa ce ta ƙarfe, daga wurinsu muka aro. Mu kuma in za mu faɗi lokaci sai mu ce ƙarfe kaza, saboda ƙarfen da ake bugawa a sanar da sa'a. Kafin nan da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru muke aiki, kuma ba mu makara salla ba. Sa'annan a titunan garuruwan nan su wa suka fi yawo da allon agogo a hannu suna talla, su wa ke zaune da ɗan tebur da gilashi a ido suna canza batir? Namu ne. A ce ɗan mai gyaran agogo ne za a koya wa jin kunyar agogo, wannan kam abin ya yi yawa.

Sai dai ba zan tashi ban taɓa namu ba, don kada a ce na ga na wani na rufe ido a kan na gida. Akwai masu ɗaura agogo ba don lokaci ba. Za ka ga fuskarsa kamar murfin gwangwanin madara, ruwan zinare ko'ina, duwatsu suna walƙiya, hannun riga ma ya kasa rufe shi. Da yawa batirin ya mutu tun bara. In babbar riga ce, sai ka ga ana ta naɗe hannun hagu ana sakewa ana sake naɗewa, ba don ya zame ba, don dai a gani. Wannan shi ne ainihin abin da dokar Turawan ta so ta hana, kuma a nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. In zinaren gaske ne, kowa ya san hukuncinsa a kan namiji Musulmi, ba sai na buɗe littafi ba. In kuma na jabu ne, to ka sani a irin wannan tebur akwai wanda ke da na gasken, kuma daga nesa zai gane, kayan aro ba ya rufe katara. Wallahi ɗan Casio baƙin nan na roba, F-91W, wanda ake yi tun 1989, in yana ɓoye a ƙarƙashin hannun riga yana ba ka lokaci daidai, ya fi wancan mutunci, ko da yake shi ma ba shi ne ya fi dacewa da kwat ba. Yaro ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin haya don ya sayi abin da zai burge mutanen da gobe ba za su tuna sunansa ba, uwarsa kuma tana Arewa tana jiran aike.

Ladabin duba lokaci kuwa ba Bature ne zai koya mana ba. Wane ɗan kirki ne dattijo zai riƙa yi masa magana shi kuma yana karkata hannu yana leƙen agogo? Tun muna yara aka hana mu nuna wa babba ƙosawa, aka koya mana ba a tashi daga wurin mutane sai da sallama. Ɗaura abu daban, zura masa ido daban. In kana son ka san lokaci, jira a yi tafi ko a kawo abinci, ka saukar da hannu ƙasan tebur ka duba sau ɗaya. In lokacin salla ne ka ce wa na kusa da kai ina zuwa, ka fita a hankali.

Kuma a ƙarshe dai an bar jaki ana dukan taiki. Duk wanda ya tuɓe agogo don bin doka, da me yake duba lokaci? Da waya. Waya kuwa ba ta tsaya a lokaci ba, in ka ɗaga ta sai ka ga saƙo, in ka ga saƙo sai ka amsa, kafin ka ankara mai gida ya gama jawabinsa kai kana WhatsApp. Je ka kowace dina ka ƙirga wayoyin da ke kife a gefen faranti, ka ƙirga kawunan da ke sunkuye. Ga kuma sabon salo tun da Apple Watch ya fito a 2015, agogon da ke kunna wuta yana girgiza hannu duk sanda wani ya turo gaisuwa. Wannan kam ko ni zan ce a kashe shi ko a bar shi a mota, domin waya ce aka ɗaure a hannu. Ban taɓa jin malaman wayewar nan sun ce a bar waya a gida ba, ai da ita suke ɗaukar hoton abincin.

Ga masu shirya dina kuma, musamman ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa da su ma suka fara rubuta baƙin naktaye a kati, roƙona biyu ne. Ku rubuta lokacin farawa da na tashi, ku kuma tsaya a kansu ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba. Sannan ku nemi otal ɗin ya ware ɗan ɗaki da tabarma da buta, mai gabatarwa ya sanar in magariba ta yi. Ranar da kuka yi waɗannan biyun, ku aiko mini da kati, zan zo hannuna babu komai.