Ba Duk Sauro Ne Ɗaya Ba

Yau na ɗan ajiye zancen littattafai, saboda wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, wato yadda muke yaƙi da zazzaɓin cizon sauro kamar duk sauro uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Sauron da ke yaɗa cutar, wanda masana ke kira Anofilis, dangi ne mai rassa. Akwai gambiye, akwai koluzi, akwai arabiyensis. Da ido ba ka iya bambanta waɗannan ukun, sai an binciki ƙwayoyin halittarsu. Amma halinsu ya sha bamban. Wani jinin mutum ya fi so, kuma in ya sha sai ya lafe a bangon ɗaki. Wani kuwa ko mutum ko saniya duk ɗaya ne, ya sha ya fice waje abinsa.

Mu ya kamata mu fi kowa sanin haka, don a ƙasarmu aka koyi darasin. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi gagarumin aiki a ƙauyukan Garki, wadda yanzu ke cikin jihar Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, an ba mutane magani, zazzaɓin ya ragu ƙwarai amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon da aka fesa. Masanin nan ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya nuna cewa wannan hali yana da nasaba da gado.

A 2017 masana suka fitar da sakamakon binciken ƙwayoyin halittar sauro 765 daga ƙasashen Afirka 8, inda suka ƙirga bambance-bambance fiye da miliyan 50. To jama'a, dangin da ke da irin wannan yawan bambanci, duk maganin da ka kawo da wuya a rasa masu jure masa, kuma su ne za su hayayyafa. Abin da ya faru ke nan da maganin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro. Ga kuma baƙo daga Asiya mai suna sitifensi, wanda aka gano a jihar Gombe a 2020, shi ko a tankunan ruwa na cikin gari yana iya hayayyafa.

Ra'ayina shi ne, kafin kowace jiha ta zuba kuɗi wajen sayen gidan sauro ko maganin feshi, ta fara sanin wane irin sauro ne a yankinta, kuma wane magani ne har yanzu ke kashe shi. Muna da masana ƙwari a jami'o'inmu, a ba su kayan aiki su riƙa duba wannan duk damina. In ba haka ba, kuɗi za su tafi, yara kuma su ci gaba da kwanciya.

Mu kuma kada wannan ya sa mu jefar da gidan sauro, don ko maganin ya yi rauni ragar tana tarewa. Rashin sani dai ya fi dare duhu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.