Caji da zafi ne ke kashe batirin sigarin lantarki, haɗarin kuma bai tsaya kan mai sha ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai cajin waya a Gwandu ko a Kalgo ya san yadda teburin yake: janareta na ruri a gefe, cajoji sun sarƙe da juna, wayoyi da fawa bank da tocila na kwance a jere cikin zafi.

Sigarin lantarki, wanda matasa ke kira vape, shi ma irin wannan teburin yake nema idan cajinsa ya ƙare. Batirin da ke cikinsa na litiyam ne, irin na waya. Amma aikin da ake ɗora masa ya fi na waya nauyi, shi ya sa yake saurin mutuwa, wani lokacin ma ya kama da wuta.

Idan batir ya kumbura ko ya daina riƙe caji, akan ce jabu ne, ko a ɗora laifin kan wutar NEPA. Sau da yawa abin da ya faru ya fi haka sauƙin ganewa, kuma ana iya kauce masa.

Manomin shinkafa da ke ban ruwa a fadama ya riga ya san ƙa'idar. Akwai ƙarfin da inji ke tura ruwa da shi, akwai kuma yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo. A lantarki, ƙarfin turin shi ne abin da masu gyaran wuta ke kira boltej, ana auna shi da bolt. Yawan wutar da ke gudana kuma ana auna ta da amfiya. Kowanne yana da hanyar da yake cinye ran batir.

Batirin litiyam na yau da kullum yana aiki a kan bolt 3.7. Idan ya cika yakan kai 4.2, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da bolt 2.5 zuwa 3 ba. Tazarar ƙarama ce. Idan aka tura shi sama da iyakarsa, sinadaran da ke ciki sukan fara lalacewa su fitar da iska, daga nan kumburi yake zuwa. Idan aka tatse shi har ƙasa aka ajiye, nan ma ya samu lahanin da ba ya gyaruwa. Ko zama a cike na tsawon lokaci yana tsufar da shi, abin da ya sa wasu wayoyin zamani ke da zaɓin tsayar da caji a kashi 80 cikin 100.

Inda sigarin lantarki ya sha bamban da waya shi ne yawan wutar da yake ja. A cikinsa akwai wata naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ke yin zafi ta mayar da ruwan sigarin tururi. Ana auna turjiyar wannan wayar da om, kuma lissafin ba shi da wuya: a raba bolt da om, sai a samu amfiya. Batir mai bolt 4.2 da waya mai om 1 zai ba da amfiya 4.2. Idan aka sa mai om 0.2 don hayaƙi ya yi yawa, amfiya 21 za a ja daga batir ɗin nan.

Zafin da ke tasowa a cikin batir ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, ya fi ta gudu. In wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. A misalin da ke sama wutar ta ninka sau biyar, zafin kuwa sau 25. Kowane batir yana da iyakar amfiyar da zai iya bayarwa ba tare da ya cutu ba. Daga cikin irin da ake kira 18650 akwai mai ɗaukar amfiya 10, akwai mai 20, alhali a ido kusan iri ɗaya suke.

Sai kuma zafin gari. A watan Afrilu zafi a Jihar Kebbi yakan haura digiri 40. Kamfanin Apple da kansa yana gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. Batirin da aka tsara zai yi caji ɗari uku zuwa ɗari biyar kafin ya yi rauni ba zai kai haka ba idan kullum a ƙarƙashin rufin kwano ake yi masa caji da tsakar rana, ko a bar shi cikin aljihun babur.

Wani zai ce mai sha shi ya jiyo, kuɗinsa ne da huhunsa. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi kan nikotin da ke cikin sigarin, wanda ke kama mutum ya kasa bari, kuma wanda ya daina sha ya huta da duka matsalolin biyu. Sai dai wutar batir ba ta tambayar mai shi. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa ko gobara 195 da suka shafi sigarin lantarki tsakanin 2009 da 2016. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka shi cikin jakar da ke shiga ɗakin kaya. A rumfar caji, guda ɗaya da ya kama da wuta ya isa ya haɗa da wayoyin mutanen da ba su taɓa kai shi baki ba, ga kuma galan ɗin fetur na janareta a kusa.

Akwai ma irin da ake sha a yar. Shi ma da batirin litiyam a cikinsa, kuma Birtaniya ta haramta sayar da shi tun 1 ga Yunin 2025. A garin da ake cinna wa juji wuta, kuma yara ke tsince-tsince a bola, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka masu rumfar caji suna da haƙƙin ƙin karɓar duk na'urar da ta kumbura, ta tsage ko take ɗigar ruwa, kuma ya kamata su yi amfani da wannan haƙƙin. Abin da suka karɓa su ware shi nesa da wayoyi da fetur, a kan ƙasa ko siminti, a inuwa. Su jira janareta ya daidaita kafin su jona kaya. Caja mai kyau tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240 ta fitar da 5 ba tare da tangarɗa ba, ta banza kuwa ba ta da wannan tabbaci. Araha ba ta ado.

Mai na'urar kuma kada ya kwana yana caji, kada ya yi caji da zarar ya gama sha batir na da zafi, kada ya zuba batir tsirara cikin aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi.

Kalgo na karɓar ɗalibai saboda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, kuma inda matasa suka taru nan sababbin kaya ke fara samun kasuwa. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin batir da cajar da ake shigowa da su, NESREA kuma ke kula da yadda ake zubar da su. Idan aikinsu ya tsaya a Abuja da Legas, mai caji a tashar Gwandu shi za a bari da biyan wayoyin mutane ranar da teburinsa ya ƙone.