Makera: Kwalta Kaɗai Ba Za Ta Dawo Da Masu Sayen Gida Ba

Duk wanda ya ji labarin Makera da Kakuri daga bakin iyayensa ya san a da can nan ne ake neman kuɗi a Kaduna. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga kamfanin haɗa motoci na Peugeot da ya buɗe a 1975. Albashin ma'aikata shi ya riƙe masu gidan haya, masu abinci, teloli da 'yan kasuwa. Da KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma a 2007, sai unguwar ta fara tsiyayewa. Rikicin 2000 da na 2002 suka ƙara raba garin, kowa ya koma inda yake ganin ya fi samun kwanciyar hankali.

Yau matashin da ya samu aiki ya fara tara kuɗin gida, ina hankalinsa yake zuwa? Barnawa, ko Millennium City, ko ma Abuja. Makera ba ta cikin lissafi. Kuma unguwar da ma'aikata masu albashi suka guje mata, shagunanta da makarantunta ne ke fara shan wahala.

Gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birnin Kaduna a 2019, an yi tituna da gadoji. Madalla. Amma tambayi duk mai iyali abin da yake fara dubawa kafin ya sayi gida: wace makaranta yarana za su je? Idan firamaren gwamnati da ke kusa ba ta da inganci, kuɗin makarantar kuɗi zai cinye abin da ya kamata ya tafi ga biyan gida. Mun tuna 2017, lokacin da malaman firamare sama da 21,000 a jihar suka faɗi jarrabawar da aka yi musu. Iyaye ba su manta ba.

Akwai darasi daga garin Kalamazoo a jihar Michigan ta Amurka, wanda shi ma masana'antu suka bari. A 2005 wasu attajirai da suka ɓoye sunansu suka yi alƙawarin biyan kuɗin jami'a ga ɗaliban da suka kammala makarantun gwamnati na garin. Sai yawan ɗalibai ya ƙaru bayan shekaru yana raguwa. Ba lallai mu kwaikwayi wannan kai tsaye ba, amma makaranta mai kyau ita ce tallar unguwa.

Sai batun gida. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 na albashi, bankin FMBN kuma yana ba da rance a kan ruwa kashi 6. Matsalar ita ce rancen gida yana buƙatar takardar mallaka, kuma gidan gado da ke hannun magada goma ba shi da saukin samun ta. Idan hukumar KADGIS ta sauƙaƙa wannan a tsofaffin unguwanni, rabin aikin ya kammala. Filin KTL kuwa, mallakar jihohin Arewa 19, ya isa a yi tunanin gidaje masu sauƙin kuɗi da makaranta a kansa, matuƙar an fara biyan tsofaffin ma'aikatan da har yanzu suke neman haƙƙinsu.

Sai dai a kula: idan gyara ya sa haya ta yi tashin gwauron zabi har ta kori mazauna na asali, an yi gyaran gangar Auzinawa. Dole a ware wa masu ƙaramin ƙarfi kasonsu.

Don haka, jama'a, idan kansila ko ɗan majalisa ya ɗora hoton sabuwar kwalta a Facebook, a yaba masa, sannan a tambaye shi: yara nawa ne a aji ɗaya a firamaren unguwar, kuma gidaje nawa suka samu takarda bana?