Filin Manoma da Makiyaya: Kada mu bar jigawa tsirara

Wannan wata zancenmu na jigawa ne, ƙasar rairayi da yawancinmu muke ci da ita, daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela.

Yaya ake gane jigawa?

Ka ɗebi ƙasa a tafin hannu, ka jiƙa ta, ka dunƙule. In ka buɗe hannu ta watse, jigawa ce. In ta mulmulu kamar igiya, laka ce ta fadama. In ruwa ya kwanta bisa ya ƙi shiga, sungumi kuma ya ƙi kama ta, wannan fako ne.

Masu binciken ƙasa sun auna jigawar ƙasarmu. Cikin tiya 10, wajen tiya 9 rairayi ne zalla. Ɗan abin da ya rage, wato ƙura mai laushi da ruɓaɓɓen ganye da kashin bisashe, shi ne abincin shuka. Yawancin abincin nan a bisa yake, cikin zurfin taƙi guda.

Kirkinta da aibinta

Jigawa ba ta da wuyar noma. Ruwan fari yana shiga nan da nan, mutum ya yi shuka da wuri. Saiwar hatsi tana nutsewa ba wahala.

Amma ba ta da riƙo. Ruwa mai yawa yana jan taki ƙasa, inda saiwa ba ta kai. Iska kuma tana kwashe ƙurar bisa, ta bar mana rairayi fari. Kun san iskar gabas da ke zuwa gaban hadari farkon damana. Ita ke ƙona ɗan hatsi da yashi, ko ta binne shi, har a yi shuka sau biyu, sau uku.

Abin da ƴan ci-rani suka gani

Waɗanda suka je Abijan, Kwatano ko Legas sun ga rairayi a bakin teku. Can ruwan sama ya ninka namu sau biyu ko uku, amma halin ƙasar ɗaya ne da na jigawa. Inda kurmi ya tsiro bisa rairayi, ganyen da yake zubarwa shi ke ciyar da shi. In aka sare kurmin aka ƙone, gona tana yin kyau shekara biyu ko uku, sannan ta gaji. Sai irin su kwakwa da rogo ke jimrewa.

A Senegal, tsakanin Dakar da Sanluwi, rairayin teku ya yi ta binne garake. Tun 1948 aka soma dasa itace a jere gefen teku. Shingen ya zarce kilomita 150, kuma shi ya tsare garaken.

Mu ma mun ga haka kusa da gida. A 1975 aka soma dasa layukan bedi a kwarin Majiya, wajen Buza, don karya iska. Da aka auna, hatsin da ke bayan layukan ya fi na fili bayarwa. Rairayi, ko a bakin teku ko a Adar, ƙarfinsa yana ga abin da ya rufe shi.

Me ya dace da jigawa?

Hatsi, wake, gujiya, yakuwa da riɗi. Dawa, masara, alkama da albasa sun fi son ƙasa mai riƙon ruwa. Shi ya sa albasar Galmi take cikin kwari, kuma noman rani na Ƙonni, da ruwan madatsun Mozage da Zango, yake cikin kwarin Majiya.

Tassa ma tana da wurinta. A 1989 wasu manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina, suka koyo gyaran ramukan tassa: a faɗaɗa rami, a zuba taki. Da ita aka raya fako mai yawa wajen Badagishiri. Amma tassa maganin fako ce, inda ruwa ke gudu bisa. A jigawa ruwa yana shiga da kansa, kuma rairayi yana cike ramin tun kafin shuka ta tashi. Kada ka ɓata ƙarfinka.

Abu biyar da za mu yi

1. Mu bar kara. Kara yana da kuɗi da rani, kuma bisashe suna bukatarsa. Amma wanda ya share gona ƙaf, ya sayar da kara har da ƙasar bisa. Ka ɗauki rabon gida da na bisashe, sauran ka kwantar da shi, ka gitta wa iskar gabas. Kada ka ƙone.

2. Mu yi sassaben zamani. Kututturen sabara ko kalgo in ya toho, kada ka sare duka. Ka zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi, ka datse sauran. Ka nemi barin itace kamar 40 cikin eka guda. Manoman Maradi sun soma wannan aiki tun wajen 1984. A 2020 gwamnati ta yi doka wadda ta ba manomi ikon amfani da iccen da ya rena a gonarsa.

3. Mu tsare gawo. Yana zubar da ganye da damana, saboda haka inuwarsa ba ta hana hatsi. Da rani ƴaƴansa abincin awaki da tumaki ne, su kuma su bar taki a gindinsa.

4. Mu sa takin zamani kaɗan, a daidai wurinsa. In ka watsa shi bisa jigawa, ruwa da haki za su raba shi da kai. Ka sa murfin kwalba guda na takin 15-15-15, wato giram 6, a kowane rami ranar shuka, ƙasa tana da danshi. Ka raba shi da iri da ƴar ƙasa. Eka mai rami 10.000 tana cin kilo 60. In da takin gida tare da shi, ya fi aiki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

5. Mu haɗa hatsi da wake. Wake yana rufe ƙasa, yana ƙara mata ƙarfi, harawa kuma ta cika rumbu.

Manomi da makiyayi

Babu takin da jigawa take so kamar kashin shanu. Iyayenmu sun san haka. Bayan girbi makiyayi ya sauka gona, manomi ya ba shi hatsi, shanu su kwana su bar taki. Mu raya wannan amana. Makiyayi ya jira ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki. Ya riƙa gusar da makwancin shanu bayan ƴan kwanaki, don taki ya game gona, kofato kuma kada ya niƙe wuri guda. Manomi shi ma kada ya ci burtali.

Wannan aiki daga kaka yake somawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tattauna shi a dandali, kowa ya duba irin ƙasar gonarsa. Sai wata mai zuwa.