Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Rainon Furanni da Kula da Lambu

'Yan uwana masu wannan sana'a mai albarka, ina jinjina muku kan wahalar ɗibar ruwa da kuke sha tun daga ɗari har bazara.

Roƙo ne ya sa na rubuto. Duk wanda ya ratsa wuraren da kuke jera ledojin dashe a bakin titunan Kano, Kaduna ko Maraɗi, zai ga yawancin furannin baƙi ne, asalinsu Indiya ko Kudancin Amurka. Da yawansu ba sa jure ranin wata 7 sai da ban-ruwa kullum, ga ruwa ya yi tsada. Alhali dajinmu cike yake da tsirrai dogaye masu fure da suka saba da wannan rana. Ku ba su gurbi.

Ku fara da lalle. Mun san shi a hannun amare, amma idan aka bar shi bai sha yanka ba, yana haura mita 3, ya fitar da ƙananan furanni masu ƙamshin da ke cika tsakar gida da yamma. Yana kamawa daga yankan reshe, kuma yana yin shinge mai kyau. Gauɗe yana da jinkirin girma, sai an yi haƙuri da shi, amma farin furensa mai komawa rawaya yana biyan mai haƙuri. Runhu yana fure rawaya da rani, lokacin da lambu ya fi buƙatar launi. Ita kuwa kariya, mai fure ja da fari, yawan ruwa ne ke kashe ta: ku bar yankan reshenta ya sha iska kwana biyu ko uku kafin ku binne shi a ƙasa mai yashi. Ku kuma gaya wa mai saye cewa ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta daga yara da dabbobi.

Ɗunɗu na buƙatar lura ta musamman. Furensa na reto, sama shuɗi-shuɗi mai ja, ƙasa rawaya, abin sha'awa. Sai dai yana da ƙaya, kuma yana tohowa daga saiwa ya bazu. A ƙasar Kuba, inda aka kai shi a ƙarni na 19, ya mamaye gonaki masu ɗimbin yawa. Ku ajiye shi a gefen fili, ku riƙa sare tohon. Irinsa na da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin a shuka.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta nutse kafin ruwa ya ɗauke. Ku haƙa rami mai faɗi, ku gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, don ɗanye na ƙona saiwa yana jawo gara. Ku bar tazarar mita 2 a tsakani. A ranin farko ku ba su ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako, maimakon yayyafi kullum, ku kuma kewaye su saboda awaki. Daga shekara ta biyu, yawancinsu za su riƙe kansu. Aski kuwa sai bayan fure ya zube, kuma kada ku daddatse su kamar katanga, domin da kan reshen ne kuke zubar da furen gaba.

Abu na ƙarshe, don Allah kada ku tumɓuko su daga daji. Manyan ba sa cika rayuwa bayan an katse musu saiwa, dajin kuma ya riga ya sha gatari. Ku tsinto iri idan ya nuna, ku raina da kanku.

Na san mai saye ne ke zaɓe, amma ku ne malamansa. Abin da kuka jera a gaba kuka yaba, shi zai ɗauka. Kowannenku ya ware layi guda na tsirran gida a daminar bana, ya rubuta sunayensu da Hausa.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba mu damina mai kyau.

Naku,
Mai ƙaunar lambu