ƊAN TABO A HUHU: A GANO CUTA KAFIN A SHA MAGANI



Ɗan'uwa, idan hoton ƙirji ya nuna ɗan tabo a huhunka, likita ya ce a yi maka bronkoskofi, don Allah kar ka gudu. Da yawa suna zuwa wurina a tsorace, suna cewa: "Malam, a haɗa mini zuma da habbatus sauda kawai." Ni kuwa sai in ce su koma asibiti tukuna.

Aikin ba yanka ba ne. Siririyar roba ce mai kyamara da fitila a bakinta. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a zura ta ta hanci ko baki har cikin hanyoyin iska, a tsinko ɗan nama kaɗan a kai ɗakin gwaji. Idan tabon ƙarami ne kuma yana can gefen huhu, akwai irin mai na'urar sikanin a bakinta, wadda ke nuna wa likita daidai wurin. Yawanci ba ya wuce awa 1.

Galibin irin wannan tabo ba daji ba ne. Wani sawun tsohon tarin fuka ne. Amma in dajin ne, lokacin da yake ƙarami bai kai santimita 3 ba, a nan aka fi samun nasarar cire shi. In aka daɗe ana jiƙe-jiƙe, yana iya bazuwa.

Zuma tana tausasa tari, amma ba ta gano abin da ke cikin ƙirji. Neman sanin cuta bai saɓa wa tawakkali ba. Ka je a duba ka, ka haɗa da addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. A tura wa 'yan'uwa.