GYARA KAYANKA: Sa'ad da Firinta Ta Ƙi Amsa Kira

A watan nan wasiƙu biyu sun iso wannan fili a kan damuwa iri ɗaya, ɗaya daga Kebbe, ɗaya daga Tambuwal, saboda haka za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Ta fari daga wani malamin makaranta ce, wanda shi ne kuma magatakardan 'yar ƙaramar ekklesiyarsu. 'Yan'uwa sun yi karo-karo sun sayi firinta irin wadda ba a ɗaura mata igiya, domin buga tsarin sujada da rahoton baiko. A ɗakinsa ta ke. Ta yi wata uku tana aiki lafiya, sa'an nan rana ɗaya kwamfuta ta ce ba ta ganinta. Ga taron godiyar kaka ya matso, ga waɗansu dattawa sun soma tambaya ko 'ya'yansa ne suka taɓa ta. Ta biyu kuwa wata uwargida ce mai aikin jinya. Tana buga wa maƙwabta takardu a gida, ta sami na cefane. Ta sayi sabuwar waya, tun daga ranar firinta ta daina amsawa. Ta sayi data har sau biyu, ba abin da ya sake, 'yarta kuwa tana jiran takardar shiga jarrabawar JAMB.

Bari mu fara da batun data, gama a nan ne kuɗin mutane ke zubewa a banza. Hanya biyu ce a cikin wayarka, ko da ya ke mutane da yawa suna ɗaukarsu ɗaya. Akwai wadda ta ke tafiya daga waya zuwa dogon ƙarfen kamfani da ke bakin gari, ita ce a ke saya wa data. Akwai kuma wayfai, wadda iyakarta cikin gida, taku ashirin ko talatin. Takardar da ka aika wa firinta ta wannan gajeriyar hanya ta ke bi. Daga waya ko kwamfuta ta shiga ɗan akwatin nan mai rarraba intanet, wanda a ke kira rauta ko MiFi, daga can ta faɗa cikin firinta. Ba ta fita ƙofar gida ko kaɗan.

Mutanen Tambuwal ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 saboda 'yan bindiga, har da Tambuwal ɗin. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Amma abin da aka kashe a lokacin, dogayen ƙarafan nan ne. Wanda ke da firinta da akwati a ɗaki ɗaya, da takardarsa ajiye cikin kwamfuta, ba abin da zai hana shi bugawa. To, in rufe layin ƙaramar hukuma guda bai raba waya da firinta ba, ƙarewar data ba za ta raba su ba. Data tana da amfani wajen sauko da takarda daga intanet, kamar ta JAMB. Da zarar ta sauko cikin waya, sauran aiki na cikin gida ne.

Saboda haka a cikin gida za a nemi laifin. Abu na fari, a duba ko firinta da kwamfuta suna kan wayfai guda. Sau da yawa yaro ya kan haɗa kwamfuta da wayar babansa don ya duba wani abu, ya tashi ya bar ta a haka, firinta kuwa tana can kan akwati. Kamar mutum biyu ne suka yi alkawarin gamuwa a kasuwa, ɗaya ya tafi Dogon Daji, ɗaya ya nufi Jega. A dubi sunan da ke ƙasan fuskar kwamfuta, a gwada shi da wanda firinta ta ke kai.

In suna wuri guda amma kwamfuta tana ta nuna kalmar nan Offline, to, mun zo kan damuwar Malam na Kebbe. Ga yadda abin ya ke. Kowace na'ura da ta shiga wayfai, akwati ya kan ba ta lamba, ta wannan lamba ce a ke samunta. Aikinsa kamar na mai nuna wa mutane wurin zama ne a majami'a: wanda ya riga zuwa shi a ke ba benci na gaba. Ranar da aka fara haɗa firinta, a ce an ba ta lamba mai ƙarewa da 101, kwamfuta ta riƙe wannan. Sai wuta ta ɗauke, ko batirin akwati ya mutu. Da aka kunna, wayar uwargida ta riga shiga ta karɓi 101, aka ba firinta 104. Kwamfuta kuwa tana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Firinta lafiyarta lau, ba yaron da ya taɓa ta, benci kawai aka sake mata. A garuruwan da wuta ke zama ba ɗaukewa, a kan daɗe wannan bai faru ba. A wajenmu, inda a ke kunna akwati a kashe sau uku ko huɗu a yini, abin mamaki ma shi ne da ta kai wata uku.

Yadda za a tabbata ba wuya. Kowace firinta mai wayfai tana iya buga takarda ɗaya mai nuna halin haɗinta, littafin da ya zo da ita ya faɗi maɓallin da za a danna. A nemi lamba mai kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. In ta fara da 192.168, firinta tana kan akwati, ta kuma karɓi lamba. In ta fara da 169.254, ko kuwa sifiri ne duka, ba a ba ta kome ba tukuna, ita ce ta laƙaba wa kanta ko ta zauna hannu wofi. In haka ne, sai a kashe kome. A kunna akwati shi kaɗai, a ba shi minti biyu cikakku, sa'an nan firinta, daga baya kwamfuta. Mutanenmu su kan yi gaggawa a nan, su kunna duka a lokaci ɗaya da zarar an kawo wuta, firinta ta farka ta nemi akwati ba ta same shi ba, ta haƙura.

In kuwa lambar mai kyau ce, a buɗe abin shiga intanet a kwamfuta, a rubuta ta a sama inda a ke rubuta adireshi. Idan shafin firinta ya buɗe, hanya a buɗe ta ke, kwamfuta ce ta riƙe tsohuwar lamba. Sai a share takardun da suka taru suna jiran bugu, a cire firinta daga jerin na'urorin kwamfuta, a sake ƙara ta. Wannan zai fid da Malam daga kunya kafin godiyar kaka. Amma magani mai ɗorewa shi ne a ba firinta benci nata na kullum. A cikin shafin nan nata akwai wurin da a ke sa lamba da hannu. A bar kashi uku na fari yadda su ke, a sake na ƙarshe kaɗai, a zaɓi lamba mai nisa da waɗanda akwati ya saba rabawa. Bayan haka a sake ƙara ta a kwamfuta sau ɗaya. A rubuta lambar a takarda a manna a gefen firinta, domin magatakarda na gaba.

Yanzu ga 'yar'uwarmu ta Tambuwal. Ita ba ta da akwati, wayarta ce ta ke mayarwa akwati, watau abin da matasa ke kira hosfot. Firinta ba ta san mutum ba, ba ta san waya ba. Suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya ta haddace, su ta ke nema duk lokacin da aka kunna ta. Sabuwar waya ta zo da sabon suna. Dabara mafi sauƙi ita ce, a shiga sabuwar wayar a sake wa hosfot suna, a ba shi sunan tsohon daidai, da kalmar sirrinsa daidai. Babban baƙi ya zama babba, ƙarami ya zama ƙarami, kada a ƙara ko fili ɗaya. Firinta za ta shiga da kanta, tana tsammani tsohuwar ce. In an manta tsohon sunan, takardar nan da firinta ke bugawa ta kan nuna shi.

In an yi haka ba ta shiga ba, akwai abu na biyu. Wayfai tana tafiya a kan zango biyu, kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaici. Ɗaya 2.4, ɗaya 5. Yawancin firintocin gida masu araha 2.4 kaɗai su ke ji, sababbin wayoyi kuwa da yawa suna iya watsa 5. Mai rediyon da ba ta da gajeren zango, kome ƙarfin tashar ba zai kama ta ba. A wayar Android, cikin saitin hosfot akwai inda a ke zaɓen zango, a mai da shi 2.4. A iPhone 12 da na bayanta, a kunna maɓallin da aka rubuta wa Maximize Compatibility, aikinsa ke nan. A wurin nan kuma a duba irin kullen. Akwai sabon kulle mai suna WPA3 da ya fito a 2018, firintar da ta girme shi ba ta san shi ba. A zaɓi WPA2. Kada dai a cire kulle gaba ɗaya don neman sauƙi, gama kafin la'asar yaran unguwa sun shanye datar wata guda.

Akwai wani abu da ba a rubuta a littafin kamfani ba, domin masu rubuta shi ba su zauna da ƙaramin janareta ba. Firinta mai garin tawada, watau lesa, tana da ƙarfe a ciki wanda sai ya yi zafi ƙwarai kafin rubutu ya kama takarda. A lokacin da ta ke ɗumama shi, ta kan ja wuta mai yawa farat ɗaya, wat ɗari da yawa. In tana kan ƙaramin janareta ko ƙaramar inbata ta sola tare da akwati, sai wuta ta yi ƙasa, akwati ya mutu ya sake tashi, takarda ta tsaya a rabi. Alamarsa ita ce ƙwan lantarki ya dushe daidai lokacin da firinta ta fara gurnani. Mai ruwan tawada ba ta da wannan hali, cinta kaɗan ne. Wanda ke da lesa ya bar akwati a kan batirinsa sa'ad da a ke bugu.

Wurin ajiya ma yana da nasa. Katangar ƙasa mai kauri, da ƙofar ƙarfe, da kwanon rufi, da randa ko duro cike da ruwa, duk suna rage ƙarfin wayfai. Mun san dalilin da ya sa a ke rataye akwati a taga, can ne ya ke kama layin kamfani. To, firinta ta matso kusa da tagar, kada a bar ta a ƙuryar ɗaki na uku. Sai dai a kiyaye rana. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato ya kan wuce awo 40, ƙaramin akwati kuwa in ya yi zafi ya kan kashe kansa, batirinsa ma ya kumbura.

A ganina, ga gidan da bugunsa bai wuce takarda biyar ko goma a mako ba, duk wannan wahala ba dole ba ce. Yawancin firintocin yanzu suna iya watsa wayfai tasu ta kansu, ba akwati, ba hosfot. In an kunna wannan, sai a ga wani suna a waya wanda ya fara da DIRECT, sunan firinta na biye. A shiga da kalmar sirrin da ke kan takardar nan da ta buga, a aika bugu. Ba lambar da za ta ɓace, ba ruwanta da ko akwai layi a gari. Abu ɗaya za a lura da shi: waya ta kan ga wannan hanya ba intanet a cikinta, ta zame ta koma kan data ba ta faɗa maka ba. A kashe data tukuna, a buga, a sake kunnawa. Kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani kuma a sake ta, gama a waɗansu 12345678 ce kawai, kowa ya sani.

Gargaɗi ɗaya ga mai shirin saye, musamman 'yar gwanjo da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka. Akwai waɗansu HP LaserJet masu ƙaramin baƙin e a ƙarshen lambarsu, waɗanda aka yi su don wani tsari mai suna HP+. Su kam sai suna haɗe da intanet su ke ci gaba da aiki, abin da muka faɗa a sama game da data bai shafe su ba. Irin wannan ba ta dace da ƙauyen da layi ke zuwa yana komawa ba. A duba lambar kafin a biya.

In an bi duk waɗannan ba a dace ba, a nemi igiyar USB ta firinta, mai kai ɗaya murabba'i, a haɗa ta da kwamfuta kai tsaye. In ta buga, injinta lafiya, sashen wayfai kaɗai ke da magana, ana iya ci gaba da aiki da igiya shekara da shekaru. In ko da igiya ta ƙi, sa'an nan ne ya cancanta a ɗaure ta a mota zuwa wurin mai gyara a Jega ko Sakkwato. A tafi da takardar nan ta halin haɗi, a kuma ɗauke ta a zaune yadda ta ke a tebur, kada a kifa ta ko a jingina ta a gefe, don kada tawada ta malale a ciki.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba tawada da ke bushewa a bakin firinta lokacin hunturu.